Sista Sake-Shi Ta Ajiye Aiki

Kullum da safe, kafin ta ajiye jaka, kujerarta take fara nema. Ba ta zamanta ba ce. Wata kujerar katako ce mai ƙafafu lafiyayyu, ba taya, ba katifa, wadda ta jingina da bango a wani lungu na sashen gaggawa na asibitinmu. Masu jinya kan janye ta su kai bakin gadon ɗan'uwansu, wata rana a tarar an ɗora mata kwanon abinci, wata rana wani ya miƙe ƙafa a kai yana gyangyaɗi. Sista ba ta yin faɗa. Takan sauke kwanon, ta ce wa mai shi sannu da jinya, ta ja abarta ta mayar. Daga nan sai ta duba wani guntun filasta da ta manna a ƙasa, 'yan taku kaɗan daga kujerar. In ruwan mai goge-goge ya ɗaye shi, ta yanko wani ta manna. Sai ta gama wannan take karɓar aiki daga hannun waɗanda suka kwana.

Ni mai ɗaukar hoton ƙashi ne, ƙofar ɗakina tana kallon wannan lungu. Na daɗe ina ganin wannan hidima tata, tun gashina yana baƙi. A wannan watan ta ajiye aiki, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da idona ya gani, tunda ita dai ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Aikin nata ba shi da wuyar bayani. Duk tsoho ko tsohuwar da aka kawo sashen, ko tari ne ya kawo su, ko ciwon ciki, ko yankan wuƙa, ba a sallamarsu sai sun bi ta kan kujerar nan. Takan ce, "Baba, zauna nan. To, tashi ka je wurin wancan filastan, ka juyo, ka dawo ka zauna." Yana yi tana kallo. Ya dafa gwiwa kafin ya miƙe? Yana jan ƙafa? Da ya zo juyawa ya nemi bango? Bayan haka ta auna jininsa a kwance, ta sake aunawa a tsaye, ta ce a zazzage mata ledar magungunansa, ta kuma leƙa takalmin da ke ƙafarsa. Abin da take nema ɗaya ne: wa ke gab da faɗuwa, kuma me zai kada shi.

Wanda bai yi aiki irin nawa ba zai iya cewa faɗuwa ai ba cuta ba ce. Ni ne nake karɓarsu bayan sun faɗi. Yaro in ya karye, a ɗaure shi, kafin ka ankara ya koma ƙwallo. Tsoho in ya karye a ƙugu, kwanciya ce ta same shi, bayansa ya yi gyambo, ƙirji ya cika, ƙafafu su saki. Da yawa daga cikin waɗanda na ɗauka a kan teburina ba su sake taka ƙasa da ƙafarsu ba. Wannan abu yana ci mini rai har yau, duk da an ce mai aikin asibiti zuciyarsa takan bushe.

Sunan da ake kiranta da shi, Sista Sake-Shi, Dogo mai tura keken marasa lafiya ne ya raɗa mata, kuma ga asalinsa. Mu dai an san mu, ba ma barin babba ya tashi da kansa muna tsaye. Sista tana cewa "Baba, tashi," sai ka ga 'ya'ya sun yi caa, wannan ya kama hammata, wannan ya riƙe hannu, wani ya tallafi baya. Kafin tsoho ya san abin da ake ciki an tsayar da shi cak, ana ta yi masa sannu. Kowa ya yi ladabi, amma babu wanda ya ga ko ƙafar tana ɗaukar mai ita. Nan ne za ka ji muryarta, ba ihu, ba tsawa:

"Ku sake shi."

Kalmar nan ta jawo mata baƙin jini ba kaɗan ba. An kira ta marar tausayi, an kira ta marar tarbiyya, an kai ƙararta ofis. Wata mata ta taɓa tsare ta a gaban jama'a ta ce, "Ke wai ba ki da uba ne?"

Sista ta ce, "Da ina da shi. Mu ma haka muka riƙa ɗaga shi."

Ta koma wurin tsohon da take dubawa. Ban taɓa tambayarta sauran labarin ba, kuma ban ji wanda ya tambaya ba.

Abin da masu jin haushi ba sa lura da shi shi ne inda take tsayawa. Tana cewa a saki tsoho, ita kuma sai ta koma bayansa, ta buɗe hannuwa biyu dab da kafaɗunsa, ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma yi nisa ba. Haka take bin sa har filastan, ta dawo da shi. Dogo ya fi kowa zirga-zirga a lungun nan, kuma ya rantse mini bai taɓa ganin wanda ya tashi daga kujerar ya kai ƙasa ba.

Akwai kuma maganar tambaya. Sabbin ma'aikata kan ce, "Baba, ka taɓa faɗuwa?" Amsar ɗaya ce kullum: "Ni? Allah ya kiyaye." Tsoho ba ya faɗuwa. Santsi ne ya kwashe shi, ko ƙafa ce ta goce, ko ya ɗan durƙusa ne, ko kuwa zama ya yi. Sista takan ce wa yaranta na aiki, a bakin tsofaffi kowace faɗuwa daidai da zama take zuwa, don haka su daina ambaton kalmar. Ita cewa take, "Kwanan nan ka taɓa samun kanka a ƙasa?" In aka ce mata zama ne, sai ta bi sawu a hankali har gaskiya ta fito.

Wanda na fi riƙewa a cikin duk waɗanda suka bi ta kujerar nan wani tsohon direban babbar mota ne. Baba Direba muke ce masa. Da hantsi aka kawo shi, girarsa a fashe, babban ɗansa na riƙe da hannu ɗaya, 'yarsa na riƙe da ɗayan. Ya ce murfin kabad ne ya buge shi. Likita ya ɗinke wurin, ya ga wuyan hannunsa ya ɗan kumbura, ya turo mini shi. A ɗakina ba a barin 'yan rakiya, don haka muka rage daga ni sai shi. Ina gyara masa hannu a kan tebur ya rage murya.

"Ɗana, in babu karaya, ka ce musu babu komai. Ka taimake ni in koma gidana."

Na ce, "Baba, wa zai hana ka gidanka?"

Ya ce tun da matarsa ta rasu shi kaɗai yake zaune a gidan da ya gina da guminsa. Babban ɗan ya gyara masa ɗaki a nasa gidan, har da sabon gado, kullum maganar ke nan, shi kuma yana ta zillewa. "Yaron kirki ne, wallahi. Amma in na shiga ɗakin nan ko buta ba za su bar ni in ɗauka ba. Sai dai a fito da ni a kwance. Hujja kawai yake jira."

Hoto ya fito, babu karaya, na faɗa musu haka. Murnarsa ba ta daɗe ba, domin yana fitowa Sista ta nuna masa kujera.

Ya zauna yana dariyar yaƙe. Ya ce, "Sista, ni da na yi rayuwata ina hawa babbar mota ina sauka, yau kujera za a gwada ni da ita?"

Ta ce, "Ba motar za ta tashi ba, Baba, kai ne. Bismillah."

Ɗan ya miƙa hannu zai kama shi.

"Sake shi."

Ya juyo yana kallonta. "Mahaifina ne fa."

"Na sani. Sake shi."

Ya janye hannun, ransa a ɓace. Baba ya yunƙura, bai tashi ba. Ya sake yunƙurawa, ya dafa gwiwa, ya ɗago har ya kusa miƙewa. Sai idanunsa suka juya, jikinsa ya yi baya. Hannuwan Sista suna nan inda suka saba, ta tare kafaɗunsa ta zaunar da shi. 'Yar ta rufe baki da mayafi.

Ɗan ya ce, "Shi ke nan, Baba. Gani ya kori ji. Yau a gidana za ka kwana."

Tsohon bai kalle shi ba, Sista ya kalla. Ya ce, "'Yar nan, kin tona mini asiri."

Ina tsaye a bakin ƙofata, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma a lokacin haushinta na ji. Ita kuwa ko a jikinta. Ta durƙusa daidai fuskarsa ta ce, "Ba kabad ba ne, ko?"

"Zama na yi."

"Zaman da ka yi niyya, ko wanda ya zo da kansa?"

Ya ce, "Wanda ya zo da kansa."

"Yau ne farko?"

Ya girgiza kai. Ya ce abin ya kwana biyu, kuma duk lokacin da ya miƙe daga zaune ko kwance ne duhu ke rufe masa ido. Ta kwantar da shi ta auna jini, ta tsayar da shi tana riƙe ta sake aunawa, ta ga jinin yana zubewa ƙasa da zarar ya miƙe. Ta ce a kawo ledar magani. 'Yar ta zazzage a kan tire. Sista ta ware kwalaye biyu, fari da shuɗi, ta tambayi wa ya kawo su.

Ɗan ya ce farin nasa ne, na hawan jini, shi yake karɓo masa duk wata. 'Yar ta ce shuɗin nata ne, wata rana da Baba ya je gidanta da ciwon kai ta kai shi aka auna shi aka rubuta masa, tun daga nan take kawo masa. Kowa bai san da na ɗan'uwansa ba.

"Baba, wanne kake sha a ciki?"

"Duka."

"Ba ka gaya wa kowa ba?"

Ya ce, "To in na sha na wannan na bar na waccan, wa zan ɓata wa? Duka 'ya'yana ne, kowa ya yi ɗawainiya."

Ta kira likita. Ya duba kwalayen ya ce magani ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta, Baba ya daɗe yana shan ninki. Ya cire ɗaya, ya rubuta ranar da za a dawo da shi a sake awo. Wato kara ce take kada bawan Allah, yana yi wa 'ya'yansa kara, su kuma suna ɗaga shi don ladabi, kowa yana rufa wa kowa asiri.

Duk da haka ɗan bai sauko ba. Ya ce magani ko ba magani ba, mutumin da ba ya iya tashi daga kujera ba ya zama shi kaɗai.

Sista ta ce, "Wannan ku za ku yanke, mahaifinku ne. Amma ni ban ce a ɗauke shi ba, cewa na yi a gano abin da ke kada shi, kuma an gano babba a ciki. Ƙafar da aka hana aiki mutuwa take yi. Ku ba shi zuwa ranar da likita ya sa. Ɗayanku ya kwana da shi a gidansa kafin nan. A kafa masa ƙarfen dafawa a ban ɗaki, a sa fitila a hanyar, a naɗe duk tabarmar da bakinta ya tashi. Wannan silifas ɗin kuma a jefar, a samo takalmi mai kama dunduniya. Kullum da safe ya zauna a kujera ya tashi, ya zauna ya tashi, wani na kusa, amma kada a taɓa shi. In ya dawo bai iya ba, ni da bakina zan ce masa ya bi ka."

Ɗan ya ce, "In ya sake faɗuwa fa? Alhakin a kanki?"

Ta ce, "In ya kwanta a sabon gadonka ya kasa tashi, a kan wa?"

Ɗan ya kawar da kai. 'Yar ce ta ce, "Yaya, ni zan kwana da shi. Mu gwada." Ya ɗaga kafaɗa ya tafi kawo mota. Baba ya fita a keken Dogo, bai yi wa Sista sallama ba.

Daga ranar na daɗe ban sake ganinsa ba. A ɗakina rashin ganin mutum alheri ne, amma ba ya gaya maka ko yana gidansa, ko yana sabon gado, ko ma ya riga mu gidan gaskiya. Na tambayi Sista sau ɗaya, ta ce, "Yana zuwa awo," ta ci gaba da abin da take yi. Ita haka take, ba ta da dogon labari.

Kada wani ya ɗauka kowa take mayarwa gida. Na ga waɗanda ta kalli 'ya'yansu ta ce kada su kuskura su bar su su kaɗai ko na yini guda. Na ga waɗanda ta yi iya yinta a kansu, bayan 'yan watanni suka iso teburina a karye. Ba ta da sakin fuska, ba ta iya lallashi ba, kuma sabbin ma'aikata da yawa sun yi kuka a hannunta kafin su gane ta. Amma ban taɓa ganin ta bar tsoho ya wuce don layi ya yi tsawo ko don lokacin tashinta ya yi ba.

Sista, ke ce mai aikin da ba ya barin shaida. Wanda aka ɗinke yana da tabon da zai nuna, wanda aka ɗora yana da hoto a wurina. Wanda kika hana faɗuwa ba shi da komai, yana can yana alwalarsa da kansa, bai ma san akwai wata karaya da ta wuce shi ba. Ke ce kika yarda a zage ki a gaban jama'a don tsoho ya san gaskiyar ƙafarsa. Garkuwar tsofaffi, mai tsayawa a baya.

Ranar da aka yi mata walimar sallama, da la'asar ne, a barandar sashen, lemo da biskit da jawabai. Dogo ya ɗaura wa kujerar katakon ƙyalle ya ajiye a tsakiya don tsokana. Ana cikin jawabi na hango wani tsoho yana tahowa a hankali, wani magidanci na biye da shi a baya. Sai da suka matso na gane tabon girar. Baba Direba ne da babban ɗansa. Wata ma'aikaciya ce ta gaya musu a wurin awo cewa Sista za ta tafi. Bai nemi wurin zama ba, kai tsaye ya je ya zauna a kujerar katakon.

Da mai gabatarwa ya ce ko akwai mai magana a cikin baƙi, Baba ya ɗaga hannu. Na ga hannun ɗan ya motsa kamar zai kama shi, sai ya mayar da hannuwansa biyu ya buɗe su a bayan kafaɗun uban, bai taɓa shi ba. Baba ya harɗe hannu a ƙirji, ya ja numfashi, ya miƙe. Ya tsaya sai da ya daidaita. Babu filasta a barandar, don haka ya taka har gaban Sista, ya juya, ya koma ya zauna.

Ya ce, "Ni ban iya jawabi ba. Daga gidana nake, kuma can zan koma. Na zo ne ki gani."

Sista ta daɗe tana kallonsa, sannan idonta ya sauka ƙasa. Ta ce, "Baba, wa ya dawo maka da silifas ɗin nan?"

Wurin ya kaure da dariya, ɗan yana rantsuwa cewa ya jefar da su ya fi a ƙirga, tsohon yana sake sayowa. Ita kuma ta cire tabarau ta juya wajen bango tana gogewa, ta daɗe ba ta gama ba.

Mun gode, Sista. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai albarka, ya riƙe miki ƙafafunki kamar yadda kika riƙe na iyayen mutane. Ku kuma yaranta na aiki, kujerar tana nan, filastan yana cikin aljihun tebur, kada ku bari layi ya sa ku tsallake kowa.

Sauran mu da muke da tsoho a gida, ba sai mun jira asibiti ba. Ku zazzage ledar maganinsa ku kai a duba, ku leƙa takalminsa, ku bi hanyar ban ɗakinsa da idon mai neman abin tuntuɓe. Gobe da safe kuma in zai tashi, ku matso kusa, ku buɗe hannu a bayansa. Zuciya za ta ce ku kama shi, kunya ma za ta ce haka. Ku daure, ku sake shi.